Yadin da ake binnewa a ƙasa: fashin baƙi kan zaɓen jiyotekstayil a Legas

Yawancin mutanenmu in sun shiga kasuwar kayan gini, irin su Odunade da ke Orile, neman jiyotekstayil, tambaya biyu ce a bakinsu, "nawa ne mita?" da "mai kauri ne ko?", in mai shago ya ce eh oga mai kauri ne sai a biya a ɗora bandir a bayan mota. To gaskiya akwai tambayar da ta riga waɗannan, wato wane aiki nake so yadin nan ya yi min a cikin ƙasa, ruwa nake so ya ratsa shi ko nauyi nake so ya riƙe, sannan wace irin ƙasa ce a filin. Wanda bai amsa wannan ba ko ya sayi mafi tsada a kasuwa zai iya binne kuɗinsa a banza, kuma matsalar abin da aka binne kenan, ba za ka san an yi kuskure ba sai damina ta biyu ko ta uku, lokacin an gama biyan ɗan kwangila har ya canza layi.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, yadi ne na roba da ake shimfiɗawa tsakanin ƙasa da tsakuwa ko yashi, yana barin ruwa ya wuce amma yana tare ƙasa. Shi ya bambanta shi da ledar nan da birkila ke shimfiɗawa kafin a zuba kankaren daɓe, ita leda hana ruwa wucewa take yi kwata-kwata. Na sha ganin gidan da aka shimfiɗa leda a ƙarƙashin intalok, bulon nan da ake jerawa a daɓen tsakar gida, wai don kar ciyawa ta fito, to ciyawa dai ta ɗan yi jinkiri amma ruwan sama in ya shiga ta tsakanin bulo ina zai je? Sai ya kwanta a kan ledar, yashin da ke ƙarƙashin bulon ya zama kunu.

Kuma Legas ba Kano ba ce. Nan ruwan sama na wuce milimita 1,500 a shekara, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce, in kana Agege ko Ikeja jar ƙasa ce mai tauri za ka haƙa rami mai zurfi ba ka ga ruwa ba, amma gangara Lekki, Ajah, Ibeju ko gefen Ijora Badia da Oworonshoki, wurare da yawa fadama ce aka cike da yashin da ake haƙowa daga ruwa, wani wurin tsawon shebur biyu kawai ruwa ya fara tsattsafowa, a ƙarƙashin cikon kuma ga baƙar laka mai ruɓaɓɓen ganye. Wanda ke Agege sau da yawa ma bai buƙatar yadin nan a tsakar gidansa. Wanda ke Ajah kuwa shi ne ya fi kowa buƙata kuma shi ya fi saurin sayen wanda bai dace ba.

Bari mu duba abin da ke faruwa a hanyar shiga gida ko layin unguwa da aka zuba wa dakakken dutse a kan laka babu komai a tsakani. Ka tsaya kusa lokacin da tankar ruwa ko tifa ke wucewa bayan an yi ruwa kwana biyu, ka kalli intalok ɗin da tayar ta taka, za ka ga bulon ya ɗan nutse ya taso, wani ruwa mai launin toka ya tsarto ta tsakanin bulo ya bar laka-laka a saman, in ka taka da ƙafa ka ji yana rawa. Abin da ke gudana a ƙasa shi ne duk lokacin da taya ta danna, ruwan da ke cikin laka yana neman mafita sai ya yi sama ya kwaso ƙananan ƙwayoyin laka ya cusa su tsakanin duwatsun, su kuma duwatsun suna nutsewa kaɗan-kaɗan. Ƙarfin dakakken dutse daga cizon juna yake, dutse ya riƙe dutse, da zarar laka ta shiga tsakani sai su fara zamewa a kan juna. Shi ya sa za ka ji Alhaji na cewa "Injiniya ni fa tifa goma na zuba a wajen nan bara, ina dutsen ya tafi?" Yana nan Alhaji, ƙasa ce ta haɗiye. Dutsen nan kuwa daga wajen Abeokuta ko Ibadan ake ɗauko shi, kuɗin mota kaɗai ya isa mutum ya yi tunani. Aikin farko na yadin kenan, raba tsakani, laka ta tsaya a wajenta dutse ya tsaya a wajensa ruwa ya wuce abinsa.

Iri biyu ne manya. Akwai mai saƙa akwai marar saƙa. Mai saƙa zare ne a tsaye da a kwance, mafi arha a cikinsu ma robarsa da saƙarsa ɗaya ne da na buhun shinkafa, zare mai faɗi-faɗi da aka tsaga daga leda, sai dai ya fi buhu ƙarfi nesa. In ka ja shi baya miƙewa sosai, don haka yana da kyau wajen riƙe ciko a kan ƙasa mai taushi, amma da yake zaren masu faɗi ne sun kwanta sun rufe juna ruwa baya ratsa shi da sauri, kuma 'yan ƙofofin da ke akwai laka na saurin toshe su. Marar saƙa kuma gajerun zaruruwa ne ake barbazawa a bi su da dubban allurai masu ƙaya har su sarƙe, in ka taɓa za ka ji shi kamar bargo. Wannan ruwa na ratsa shi ninki da yawa kan na farkon, har ta cikin kaurinsa ruwa na tafiya a kwance, yana miƙewa fiye da rabin tsawonsa kafin ya tsinke don haka in dutse mai tsini ya danna shi sai ya lanƙwasa ya bi siffar dutsen maimakon ya fashe. Amma saboda miƙewar nan bai iya riƙe nauyi kamar mai saƙa ba.

Daga nan kaɗai rabin zaɓin ya fito. In maganar ruwa ce, magudana, bayan katanga, ƙarƙashin intalok na tsakar gida, marar saƙa. In hanya ce za a ɗora a kan fadama manyan motoci su bi, ana duba mai saƙa mai ƙarfi, wani lokacin a haɗa da raga ta roba da ake ce wa jiyogirid, ita wannan manyan ramuka ne da ita dutse ke shiga ya maƙale, ba ta tace komai. Akwai wani mai saƙa na daban da ake yi da zare mai mulmulalle irin na fatsa, shi ruwa na wuce shi sosai kuma ana sa shi a bakin ruwa inda yashi ne zalla, amma ba kowane shago za ka same shi ba.

Yanzu maganar GSM da ta zama kamar ita ce komai a kasuwa. Nauyin yadin ne kawai, giram nawa ne a sikwaya mita ɗaya. A marar saƙa yana ba ka haske, 100 zuwa 150 na aikin lambu ne da ƙawata gida, 150 zuwa 200 ya isa magudanar ƙarƙashin ƙasa da intalok ɗin da ƙananan motoci ke hawa, 200 zuwa 300 na hanya, 400 zuwa sama kuma sai inda za a jibga manyan duwatsu ko za a kare ledar kududdufin kifi daga hujewa. Amma nauyi baya gaya maka girman ƙofofin yadin, baya gaya maka ruwa nawa zai wuce, kuma a mai saƙa kusan bashi da amfani, can abin da ake tambaya shi ne ƙarfin ja, ana rubuta shi da kN/m, daga wajen 20 har ɗaruruwa. Wani ma in ya ƙara kauri ruwan da ke ratsa shi raguwa yake, kaga wanda ya ce a ba shi 600 don magudanar bayan gida "don ya daɗe" ya ƙara kuɗi ne kawai.

Inda aka fi shan wahala shi ne tacewa, don nan abu biyu ne ke jan juna. Kana so ƙofofin su yi ƙanƙanta su tare ƙasa, kana kuma so su yi girma kar su toshe. A takardar kamfani ana rubuta girman ƙofar da O90 ko AOS, marar saƙa yawanci tsakanin milimita 0.07 ne zuwa 0.2. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba yadin ne ke yin dukkan tacewar ba. A farkon lokaci mafi ƙanƙantar ƙurar ƙasa da ke manne da yadin tana wucewa ta tafi da ruwa, masu ɗan girma su tsaya su jeru a jikinsa, su kuma su tare na bayansu, a haka ƙasar da kanta ta gina matacinta a bayan yadin. In ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa ƙurar nan ba ta samu ta wuce ba sai ta shafe fuskar yadin kamar an yi masa filasta, ruwa ya tsaya. Yashin ciko na Lekki bashi da rigima, kusan kowane marar saƙa mai kyau zai yi. Laka mai laushi irin ta bakin ruwa ita ce mai wuyar sha'ani, a irin wannan gara a fara zuba yashi mai tsafta kamar kaurin tafin hannu tsakanin lakar da yadin. Sannan dole yadin ya kwanta ya manne da ƙasa, in aka bar kogo a bayansa ruwa zai riƙa wanke ƙasa yana tara ta a jikinsa.

Magudanar ƙarƙashin ƙasa yadda ya kamata a yi ta, a haƙa dogon rami da gangare kamar santimita 1 a kowace mita, a shimfiɗa yadin ya bi ƙasan ramin da gefe biyu a bar baki ya rage a sama, a zuba wankakkiyar tsakuwa kaɗan, a kwantar da fayif mai huji-huji, a ƙara tsakuwa, sannan a naɗo bakin yadin ya hau juna da aƙalla santimita 30 kafin a rufe. Wankakkiya na ce, don in aka kawo tsakuwa da garin dutse a jikinta to ka zuba abin toshewar a cikin yadin da hannunka. Wasu don tsimi sai su naɗe fayif ɗin kaɗai, a yashi yana yi, amma a laka faɗin wurin tacewar ya yi kaɗan nan da nan ya toshe. Babban abin da ya fi duk wannan, ina ruwan zai fita? In kwatar layinku ta fi tsakar gidanka tudu, ko kuma duk damina cike take tana dawo da ruwa, wallahi babu yadin da zai taimake ka, sai dai a yi ɗan rami mai tara ruwa a sa famfo ya riƙa ɗagawa. Ga kuma ruwan wasu unguwannin mai tsatsa, wanda ke mayar da farin tayil ja, shi ma yana tara wani jan kumfa mai yauƙi da ke toshe yadi da fayif, don haka a bar wajen leƙawa da wankewa.

Sokawe na bayi kuma nasa hukuncin daban ne. Ruwan ƙazanta na haifar da baƙin yauƙi a duk inda ya ratsa, in ka naɗe ramin gaba ɗaya da yadi wannan yauƙin zai like shi. A nan a saman tsakuwa kaɗai ake shimfiɗa shi don kar ƙasar rufi ta zubo ciki.

Robar da aka yi yadin da ita ma abin dubawa ce, galibi biyu ne, folifirofilin da foliyesta. Foliyesta ya fi jure ja na tsawon shekaru ba tare da ya saki ba, shi ya sa manyan masu saƙa na ƙarfafa ciko da shi ake yi, amma baya shiri da siminti ɗanye ko farar ƙasa, a jiƙe a cikinsu zarensa na lalacewa a hankali. Wannan ya shafe mu sosai don a Legas an saba cike fili da baraguzan ginin da aka rushe, ga kaifi ga guntun rodi ga siminti, a irin wannan folifirofilin mai kauri ya fi. Shi kuma rauninsa rana. Ƙa'idar da injiniyoyin hanya na Amurka ke bi ta ce kar a bar yadi a buɗe fiye da kwana 14 bayan an shimfiɗa, mu kuwa sai ka ga bandir a yashe a bakin shago an cire baƙar ledarsa wata da watanni yana shan rana da ruwa, in ka murza gefensa yana zubar da gari, wannan ko kyauta aka ba ka bar musu kayansu. Gane su ba wuya, yanki ɗan ƙyalle ka jiƙa shi sosai ka matse iskar ciki ka saka a bokitin ruwa, folifirofilin zai taso sama don ya fi ruwa sauƙi, foliyesta zai nutse.

Tun da mun shigo shago, ga abin da za ka yi kafin ka zaro kuɗi. Ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa, mai kyau hasken zai zama bai ɗaya, na banza za ka ga wani wuri duhu wani wuri kamar gidan sauro, kuma ta wurin nan marar kauri zai fashe. Sai lissafi, bandir mai faɗin mita 4 da tsawon mita 100 sikwaya mita 400 kenan, in da gaske 200 ne nauyinsa ya kai kilo 80 ban da kwalin tsakiya, a ɗora a sikeli, in ka ga 60 to 150 aka sayar maka da sunan 200. In ba sikeli babba, yanki rabin mita ta kowane gefe ka kai wa mai sikelin dijital ka ninka sau huɗu. Gwajin zuba ruwa kuma a yi hattara da shi, sabon yadi wani lokacin ruwa na taruwa a kansa ƙwallo-ƙwallo sai ya jiƙe tukun ya fara wucewa, don haka jiƙa shi ka sake zubawa kafin ka ce ma mai shago maƙaryaci. Ka nemi takardar kamfani mai ɗauke da ƙarfin ja, ƙarfin jure huda wanda ake rubutawa CBR, girman ƙofa da yawan ruwan da ke wucewa. Akasarin kayan daga waje suke zuwa, farashi na bin dala, to in wani ya karya maka farashi ƙasa da kowa kuma ba takarda, ka san daga inda aka rage. Ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan awon filinka saboda hawa juna da yanke-yanke.

Ba sabon abu ba ne fa a duniya. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe sama da mutum 1,800 a Holan, ƙasar da ita ma take kwance a bakin teku, injiniyoyinsu sun yi amfani da saƙaƙƙen yadin roba a manyan ayyukan tare teku, a 1970 kuma aka sa marar saƙa a dam ɗin Valcros a Faransa. Duk katangar dutse ta bakin teku irin wadda ta kare sabon birnin Eko Atlantic a inda Bar Beach take a da, dabarar ɗaya ce, manyan duwatsu na karya ƙarfin igiyar ruwa amma in babu mataci a bayansu ruwa zai riƙa zuƙe yashin ta tsakaninsu har su rufta. Mai fili a bakin ruwa a Badore ko Ikorodu da ke jibga dutse duk shekara yana zaizayewa, wannan ne abin da ya rasa.

Ga 'yan'uwa masu aikin fulawa da gyaran harabar gida, ku kam kar ku yi wa maigida alkawarin ciyawa ta ƙare har abada. Baƙin yadin nan na hana ciyawa yana aiki a ƙarƙashin fararen duwatsu da ciyawar roba, yana hana duwatsun nutsewa cikin ƙasa, amma ƙurar hunturu da ganye na taruwa a samansa iri ya faɗo ya tsiro a kai, tofa da aya-aya kuwa huda shi suke daga ƙasa in ba a tono saiwarsu ba tun farko. A cikin kwamin fulawa ni ban cika son sa ba, taki baya sauka ƙasar na daskarewa. In gangare ne ake so ciyawa ta kama, tabarmar ɓawon kwakwa ta fi, tana riƙe ƙasa 'yan shekaru ta ruɓe lokacin saiwa ta karɓi aikin.

Shimfiɗawa kuma nan lebura ke iya ɓata kaya mai kyau cikin awa ɗaya. A cire kututture da guntun rodi da kwalba, a ja yadin ya miƙe ba tattara, baki ya hau baki santimita 30 a ƙasa mai tauri, in ƙafa na nutsewa a kai shi 60 har mita 1, in ta yi taushi sosai ɗinkewa ake. Direban tifa kar ya kuskura ya hau kan yadin tsirara, da baya zai zo ya juye a kan wanda aka riga aka rufe a tura gaba, zubin farko ya kai santimita 20 zuwa 30 kafin wata mota ta taka. In taya ta yi kwari a cike shi da sabon dutse, kar a kankare gefe a mayar ciki. In ya yage a ɗora faci da ya wuce yagewar ta ko'ina, ba a tura dutse a rufe a yi shiru ba.

Sai abu ɗaya da nake jin wasu 'yan kwangila na faɗa wa masu gida, wai in aka shimfiɗa jiyotekstayil a fadama an huta da fayilin, wato kafa turakun kankare can cikin ƙasa su ɗauki gini. Dan Allah kar ku yarda. Yadin na hana cakuɗuwa, mai saƙa na taimakawa ciko ya zauna bai tsage ba, amma baƙar lakar da ke mita biyar ko goma a ƙasa in ka ɗora mata bene za ta matse ruwanta ta sauka da yadin da ginin gaba ɗaya. Maganar fandisho gwajin ƙasa ne ke yanke ta, raf ne, wato faffaɗan kankare da gini ke zama a kai, ko turakun kankare, kuma injiniyan da ya ga sakamakon gwajin shi zai faɗa. In gwajin ma na hannunka ka nuna masa shafin da ya nuna girman ƙwayoyin ƙasar, daga nan zai fitar maka da girman ƙofar yadin da za ka je nema a kasuwa.